Hankaka Marar Kai a Bangon Zaure

An yi wata Bushiya a wani garin dabbobi, mai shegen son tambaya. Ko tururuwa ta gani da kaya, sai ta ji ina za a kai shi. A garin akwai Ƙadangare mai zanen bango, shiru-shiru, ba ya musu da kowa. Akwai kuma Hankaka, wanda ya naɗa kansa masanin zane, ga girman kai kamar ya kashe shi.

Al'adar garin, bayan kaka ake yi wa zaure sabon yaɓe, a ba wani ya yi zane tun ƙasar tana ɗanya. Sai a taru kowa ya faɗi abin da ya gani. In taro ya ƙi zanen, a shafe shi, mai shi kuma ba a ƙara ba shi bango. To amma Hankaka ya daɗe da ƙwace bakin kowa. Shi ke fara magana, saura su ce haka ne.

Bana Ƙadangare aka ba. Ranar taro Bushiya ta riga kowa zuwa, ta zauna a gindin bango ta ɗaga kai. Zanen ya burge ta ƙwarai, har ta ƙosa a tambaye ta.

Hankaka ya iso a makare. Kamar kullum, ya ƙi sauka cikin jama'a, ya dira a saman bangon ya leƙo da kai.

"Wannan wace irin ɓarnar ƙasa ce?" in ji shi. "Ƙafafu biyu a sama kamar mushen kaza, ga wani farin tabo kamar an zubar da koko. A shafe!"

Jama'a suka ce haka ne. Idon Ƙadangare ya ciko da ƙwalla, ya ɗebo laka ya soma shafewa daga sama.

Abin ya ɗaure wa Bushiya kai, don ita ba ta ga wata ƙafa a sama ba. Ta dubi zanen, ta dubi inda Hankaka yake. Sai ta juya baya, ta sunkuya ta leƙa ta tsakanin ƙafafunta. Ai kuwa sai ga mushen kaza!

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ko za ka sauko ka duba daga nan?"

"Ni in sauko? Ke da tsawonki bai kai tafin hannu ba za ki koya mini kallo?"

"Wane ni. So nake in sani, shin duk shekarun nan a kife kake ganin zanen garin nan?"

Dariya ta ɓarke. Hankaka ya fusata ya diro zai sare ta, ita kuwa ta dunƙule abinta. Da ya ɗago kai ya dubi bango, sai ya sandare. Wani tsuntsu ne ya buɗe fikafikai, an goge ƙirjinsa da farar ƙasa. Ashe shi Hankakan ne Ƙadangare ya zana don girmamawa, ga shi laka ta riga ta cinye kan.

Hankaka ya yi ta roƙo a mayar masa da kansa. Jama'a suka tuna masa cewa shi ya ce a shafe, kuma shi ne kullum yake cewa hukuncinsa ba ya tashi. Suka bar wa Ƙadangare bangonsa, suka ce a bar zanen yadda yake. Haka Hankaka ya shekara yana wucewa ta ƙofar zaure yana ganin kansa babu kai.

Darasin wannan labari shi ne, kafin ka kushe aikin wani, sauko ka tsaya inda mai shi ya tsaya, ka kuma bari na ƙasa da kai ya faɗi abin da ya gani.