Shelar Mazarƙwaila

A zamanin da, an yi wani sarki wanda wata cuta ta sauka a birninsa. Mutum ya yi ta shan ruwa ƙishirwa ba ta barinsa, ya rame yana ci, in ya ji rauni ya ƙi warkewa. Sarki ya tara masu maganin fada su bakwai, ya ce su bincika, abin da suka faɗa shi sanƙira zai yi shela da shi.

Babbansu shi ne Malam Jatau, dattijo marar yawan magana. Ya bi gida gida, ya ga cutar ta fi kama masu shan mazarƙwaila safe da yamma. To, gonakin raken ƙasar na Madugu Ɗantani ne, Waziri kuwa yana da kaso a ciki. Kafin ranar fadanci, kowane mai magani ya sami rigar aska takwas da ingarma daga Madugu. Jatau ya mayar da nasa.

Waziri ya kira shi gefe, ya ce, "Malam, da kuɗin rake ake gyaran ganuwa. Ku ɗora wa man shanu laifi, makiyaya ba su da mai magana a fada."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni abin da na gani zan faɗa."

A gaban sarki shida suka ce man shanu, Jatau ya ce mazarƙwaila. Aka ce tsufa ya taɓa shi. Sanƙira ya zaga kasuwa yana cewa a bar man shanu, a sha mazarƙwaila don ƙarfin jiki.

Shekara biyu ba wanda ya taka zauren Jatau. Abokan da suka yi karatu tare suna ganinsa su sake hanya. Yakan shimfiɗa tabarma biyu bisa al'ada, da la'asar ya naɗe ɗaya. Daga nan yake jin masu wucewa da makara, har da makarar maƙwabcinsa da ya yi wa gargaɗi bai ji ba.

Ana nan sai cutar ta kama mahaifiyar sarki, shidan nan suka kasa. Aka aika wa Jatau.

Sarki ya ce, "Bakin shida da bakin ɗaya, wanne zan ɗauka?"

Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kada ka ɗauki ko ɗaya. A tsare mu a nan har da Waziri, a aika gidajenmu a ɗauko abin da aka dafa wa 'ya'yanmu yau."

Aka jera akusa a gaban sarki. Tuwon gidan Waziri yana ninƙaya a man shanu, haka na shidan. Jakadiyar da aka aika ta ce an gaya mata a gidan Waziri an hana yara mazarƙwaila tun bara waccan.

Sarki ya dubi akusan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya tuɓe Waziri, ya kori shidan, ya sa a sake shela, ya kuma hana mai maganin fada karɓar kyautar ɗan kasuwa. Aka raba mahaifiyarsa da mazarƙwaila, ta sami sauƙi.

Sarki ya ce wa Jatau ya roƙi abin da yake so.

Jatau ya ce, "A ba ni izini in zaga gidajen da aka yi rashi in yi gaisuwa. Lokacin da aka yi, ba wanda ya yarda in shiga."

Sarki ya ba shi. Jatau ya fita ta ƙofar fada da sandarsa, ya fara da gidan maƙwabcinsa.