Mai Tsaron Gidan Da Bai Iya Kira Ba

Akwai wani mutum, sana'arsa tsaron gida ce a wasan ƙwallon ƙafa. Shi ne ƙarami a ɗakinsu, don haka kowa Auta yake ce masa. Ba shi da yawan magana. Tun yana yaro aka koya masa cewa ƙarami ba ya ɗaga wa babba murya, ba ya kuma kiran sunansa kai tsaye. Ya kuwa riƙe wannan da hannu biyu.

Wansa Irmiya ɗan baya ne a ƙungiyar garinsu, a gabansa yake tsayawa. Ƙa'idar aikin ita ce, in an bugo kwana daga kusurwar fili, ƙwallo ta taso sama a bakin raga, sai mai tsaron gida ya yi ihu ya ce tasa ce, domin 'yan bayansa su kauce masa. Auta bai taɓa yin ihun nan ba, bai ma ga bukatarsa ba. Ɗaki ɗaya suka tashi da Irmiya, wan ya san takun ƙanensa. Da ya ji shi tafe sai ya sunkuya, Auta ya cafe. 'Yan kallo suka sa masa suna Bebe Mai Danƙo. Irmiya kan tsokane shi, ya ce ranar aurensa ma sai dai shi ya amsa wa fasto a madadinsa.

Ana nan sai waɗansu baƙi suka zo neman 'yan wasa. Suka ga hannun Auta, suka ɗauke shi zuwa wata ƙasa mai sanyi a Turai. Irmiya kuwa gwiwa ta riga ta ci shi, a gida aka bar shi.

Aka ba Auta ɗaki a saman bene. Maƙwabta ba sa gaisuwa. Yakan dafa shinkafarsa ya ci a tsaye a bakin taga, yana kallon dusar ƙanƙara. In babu wasa ran Lahadi yakan shiga wata majami'a ya zauna a bencin baya, ya fice kafin a fara gaishe-gaishe. A fili ma haka. In ƙungiyarsu ta ci, sai a taru can ƙarshen fili ana rungume juna, shi kuwa yana nan bakin raga yana tafa safar hannunsa shi kaɗai.

Irmiya kan kira shi a waya.

"Auta, yaya ƙasar mutane?"

"Lafiya lau, Yaya."

"Kai dai ko wuta ce ta kama rigarka, lafiya lau za ka ce."

Mai tsaron gida ɗaya ake sawa a wasa. Na biyun a benci yake zama yana jira, nasu kuwa wani matashi ne ɗan ƙasar, mai baki kamar ganga. Koci ya ja wa Auta kunne ba sau ɗaya ba, ya ce ya riƙa buɗe baki, in ba haka ba raga za ta koma hannun wancan. Auta ya ce to. Ya riga ya ji yarensu daidai gwargwado, ya san abin da ake faɗa. Amma kyaftin ɗin ƙungiyar, wanda ke tsaye a gabansa, mutum ne mai furfura, ya girmi Irmiya ma. Ta yaya zai ƙwala wa babba kira a gaban dubban mutane, kamar mai aiken yaro kasuwa? Duk sa'ad da ya yi niyya, sai bakin ya yi masa nauyi. Ya dogara da hannunsa, hannun kuwa ya rufa masa asiri na ɗan lokaci.

Wata rana ana wani babban wasa, aka bugo kwana. Auta ya taso a guje, bai ce uffan ba. Kyaftin bai san yana tafe ba, shi ma ya yi tsalle. Suka yi karo a sama, ƙwallo ta gangara cikin raga, aka fitar da kyaftin da karaya a kafaɗa.

Kashegari Auta ya sayi lemo ya tafi dubiya asibiti. Ya durƙusa a gaban gado yana neman gafara. Kyaftin ya ce ya tashi, karaya ba baƙuwa ba ce a wurinsa. Sa'an nan ya dube shi ya ce, "Ba ni da ido a ƙeya. Kai kaɗai kake ganin filin duka. Tun da ka zo nake kasa kunne in ji muryarka. Mu duka mun ɗauka raina mu ka yi, shi ya sa ba ka yi mana magana."

Auta ya so ya ce ba raini ba ne, girmamawa ce. Ya ajiye lemon ya fita.

Mako na gaba koci ya sa matashin nan a raga. Auta ya koma benci da bargo a gwiwa. A wurin atisaye ya fara ihu, murya a shaƙe, abokan wasa suna dariya suna tafa masa. Amma matashin bai ji rauni ba, bai kuma yi kuskure ba. Da kakar wasa ta ƙare aka sallami Auta. Bai gaya wa kowa ranar tafiyarsa ba. Ya ja akwatinsa zuwa tashar jirgi, ba mai rakiya.

To, ga ma'anar misalin nan. Filin nan duniya ce, mai tsaron gidan kuwa kai ne da ni. 'Yan bayan su ne 'yan'uwanka a cikin ikkilisiya. Kunya ado ce, ladabi ma haka, ban ce ku zubar ba. Amma akwai shirun da ba ladabi ba ne. Matashi ya hangi dattijo zai taka rami, ya yi gum don kada a ce ba shi da tarbiyya. Magidanci rumbunsa ya ƙare, ko ɗansa ya shiga shaye-shaye, ya zo sujada da rigarsa a goge, ya koma da kayansa a ka. Mu kuma mu ce girman kai ne da shi. Ubangiji ya san damuwarka tun ba ka faɗa ba, duk da haka yana so ka kira shi. Ɗan'uwanka kuwa ba Allah ba ne, sai ka faɗa zai sani.

Yau in an tashi sujada, kada ka yi wuf ka fice. Tsaya a bakin ƙofa ka gaya wa mutum ɗaya abin da ke cinka. In bakin ya ƙi buɗuwa, riƙe hannunsa har ya buɗe.