Kiyashi Mai Murhu da Gizon da Ya Toshe Kogi

Ke Ladiyo, sai yau kika ga damar tambayar abin da ya kashe hannun kakanku? Shekara biyu kuna kallonsa kamar tumaki. Gyara zama. Ga ta nan, ga ta nanku, marasa kan gado.

Ta zo mu ji ta, Iya.

A cikin kan mutum akwai gari, gidaje rututu, kowanne da aikinsa. Gidan da ke ɗaga hannun dama, Kiyashi ce mai murhunsa. Ba ta ajiye itace. Abin da kwalekwale ya kawo ta jan kogin jini, shi take hurawa nan take. Tana kuma da tulu a toshe, gadon kakanni, da doka ɗaya: gidan da wutarsa ta mutu, mai murhu ta buɗe tulun, gidan ya bi wutar.

Rannan Gizo ya ci kitse ya yi nak, ya je inda kogin ya fi ƙunci, ya kwanta ya toshe shi. Kwalekwale ya daina zuwa.

Kiyashi ta ruga. "Gizo, matsa, wutata na ja baya."

"'Yar tsito, bari in huta. Dawo da azahar."

Ta koma ta tura tabarmarta a murhu. Da azahar ta dawo. "Gizo, saura garwashi."

"Masu mutumin ma sun ce iska ce ta buge shi, suna can suna masa hayaƙi. Ke kin fi su sonsa ne? Sai la'asar."

Ta koma ta ɓalle ƙyaure ta ƙona. Da la'asar ta zo da rarrafe. "Gizo, toka."

"To, ki yi wanki da ita."

Kiyashi ta koma gida, ta daɗe tana kallon tulun. Ba ta so, amma doka ce. Ta zare marfin. Gidan ya rushe da ita a ciki, na maƙwabta ma suka bi ɗaya bayan ɗaya.

Sai bayan kwana biyu aka kai mutumin, wato kakanku, asibiti. Gizo ya riga ya sulale. Kwalekwale ya iso shaƙe da itace, matuƙin ya yi ta sallama, babu mai amsawa.

Saboda haka in baki ya karkace, hannu ya saki, ba a jiran azahar, ba a taron shawara. Asibiti, a lokacin, tun da sauran garwashi.

Ƙurungus kan kusu, kusun ma ya fi ku hankali. Ku tashi ku kwanta, kada in ƙara jin tari.