Kunun Ranar Alhamis

Akwai wani manomi mai suna Mainasara a wani ɗan ƙauye da ke kan hanyar Zango zuwa Babban Mutum. Shi da matarsa Liyatu su kaɗai ne Kirista a unguwarsu, kuma lafiya lau suke zaune da maƙwabta. A aiko musu naman Sallah, su aika da shinkafar Kirsimeti.

Cocinsu yana cikin garin Zango. Duk Lahadi Mainasara zai goge babur ɗinsa, ya ɗauki Liyatu a baya tana rungume da tulunta. Ba tulun ruwa ba ne, tulun kiɗa ne na Zumuntar Mata, wanda ake dukan bakinsa da soso ya ba da amo mai zurfi. Gadon mahaifiyarta ne. Ranar da Mainasara ya fara ganin Liyatu ma, tana budurwa ce a durƙushe, tana riƙe wa tsohuwar tulun nan.

Sun daɗe ba su sami haihuwa ba. Da cikin ya zo kuma, sai ya zo da hawan jini. Ranar naƙuda aka garzaya da ita asibiti a Daura. Jaririn bai zo da rai ba, ita kuma ta farfaɗo ɓarin jikinta na hagu a shanye.

Da suka dawo gida, matan Zumunta suka cika mota suka zo gaisuwa ranar Alhamis, ranar taronsu. Suka yi addu'a, suka yi kuka tare da ita. Amma a wajen fita, wata daga cikinsu ta rage murya ta ce wa ta kusa da ita, "Irin wannan fa ba ya zuwa haka kawai. Sai dai su binciki kansu, ko akwai abin da ke tsakaninsu da Allah."

Mainasara yana bayan rumbu, ya ji.

Da ma zuciyarsa a cike take. Ya yi azumi a kan cikin nan, ya yi alkawura, ya roƙi Allah a ƙofar ɗakin haihuwa har muryarsa ta dishe. Yanzu kuma a ce su ne da laifi?

Da Alhamis ta zagayo, sai ya tare matan a ƙofar gida.

Ya ce, "Liyatu ta ce ba ta son ganin kowa. Ku bar ta ta huta."

Mama Barakatu, shugabar Zumuntar, ta dube shi ta ce, "Ita ta faɗi haka, ɗana?"

"Ita ta faɗa."

Haka ya gaya wa fasto ma da ya zo. Wayar Liyatu kuwa tana hannunsa, tun da ba ta iya riƙe ta da kyau, sai ya kashe ta ya ajiye. Shi ma ya daina zuwa coci. A ransa yana cewa kare ta yake yi daga bakin mutane.

Kuma ba za a ce bai kula da ita ba. Shi ke juya ta, shi ke wanke mata kaya, shi ke shafa mata man zafi a hannun da ya shanye, yana mata hirar gona. Maganin hawan jininta bai taɓa bari ya yanke ba.

Sai dai duk Alhamis Liyatu takan ce ya ɗaura mata ɗankwalin Zumunta, ya zaunar da ita a kan tabarma kusa da ƙofar ɗaki. In ta ji ƙarar mota a bakin hanya sai ta ɗaga kai.

"Maigida, yau Alhamis ko?"

"Alhamis ce."

"Wataƙila ruwa ne ya ɓata hanya."

Sai ya ce haka ne, ya ɗauki fartanya ya fice, don ba ya iya kallon idonta. Sau da yawa gaskiyar takan zo masa har baki, sai ya haɗiye. Kullum ƙaryar tana ƙara nauyi, kullum faɗinta yana ƙara wuya.

Mutum ɗaya ce ke shigowa, wato Inna Murjanatu, dattijuwar da katanga ɗaya ta raba su. Ita ke taya Liyatu wanka, kuma duk Alhamis takan shigo da kunun gyaɗa mai zafi.

Wata rana Liyatu ta kurɓa ta ce, "Inna, kununki sak na Mama Barakatu, har da yawan tsamiyar."

Inna Murjanatu ta sunkuyar da kai, ta ce, "Sha dai, 'yar nan."

Damina ta wuce, aka yanke gero, hanya ta bushe. Uzurin ruwa ya ƙare.

Wata Alhamis da hantsi Mainasara ya ɗauko ɗankwalin, sai Liyatu ta kawar da kai.

Ta ce, "Bar shi. Tulun can ma ka fitar da shi, ka zuba wa kaji ruwa a ciki."

"Haba Liyatu, tulun Mama?"

"Maigida, ɗana ya tafi, na ce Allah ya san dalili. Hannuna ya tafi, na ce Allah yana nan tare da ni. Na kira Shi har bakina ya bushe, shiru. Na ce to, ko ba zai amsa da kansa ba, ai zai turo mutanensa. Shekara nawa ina kiɗa a cikinsu? Da Yana tunawa da ni, da Ya sa ko mace ɗaya ta tuna da ni."

Ya miƙa mata magani, ta rufe baki. Ya roƙa, ya lallasa, ya tuna mata abin da likita ya ce, cewa in ta bar maganin nan ciwon zai iya dawowa, kuma na biyu ba ya barin mutum.

Ta ce, "To ya zo mana. Wa zai yi kewa?"

Mainasara ya fita zaure ya zauna. Bai san iya lokacin da ya ɗauka a nan ba, sai ga Inna Murjanatu ta fito daga cikin gidan da kwanon kunu a cike, ko taɓa shi ba a yi ba.

Ta ce, "Mainasara, tashi ka dube ni. Na riƙe bakina ne don gidanka ne, kai ke da iko da ƙofarka. Amma in yarinyar nan ta mutu, alhakin har da ni. Ka san kunun wa take sha duk watannin nan?"

Ya girgiza kai.

"Na matan cocinku ne. Tun ranar da ka kore su ba su fasa zuwa ba. A bakin hanya suke sauka, su zagayo ta bayan gari su shigo gidana. Su ba ni kunu, su zauna a jikin katangar ɗakinta su yi addu'arsu ƙasa-ƙasa, wai kada su dame ta tun da ta ce ba ta son ganinsu. Ni ina gefe da carbina. Mai ɗan bakin nan da ta yi maganar banza kuwa, tun a mota shugabarsu ta wanke ta tas, ita mai bakin ce ma ke daka gyaɗar yanzu. Garin neman gira za ka rasa ido, ɗan nan. Yanzu haka suna ciki."

Mainasara ya karɓi kwanon. Ya koma ɗaki, ya durƙusa a gaban tabarmar, ya faɗa mata komai. Maganar da ya ji a bayan rumbu, ƙaryar da ya yi da sunanta, wayar da ya kashe, da matan da ke bayan katanga.

Liyatu ta daɗe tana kallon bangon. Hawaye yana bin gefen fuskarta.

Can ta ce, "Wato duk Alhamis da nake zaune a nan, suna nan?"

"Suna nan."

"Kai kuma kana ɗaura mini ɗankwali, kana ce mini ruwa ne."

Ya sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Ka yi fushi da Allah, sai ka rufe mini ƙofa ni. Ni ma na yi fushi da Shi, Maigida, kada ka ɗauka kai kaɗai ne ka binne ɗa. Amma da ka bar ni na yi fushina a cikin 'yan'uwana."

"Ki yafe mini, Liyatu."

Ba ta ce ta yafe ba. Ta ce, "Miƙo kunun."

"Ya huce."

"A haka zan sha. Kawo maganin ma. Sannan ka je da ƙafarka ka kira su, ka gaya musu wanda ya ce ba ya son ganinsu."

Ya je. Tafiyar taku kaɗan ce, amma bai taɓa yin mai nisanta ba. A tsakar gidan Inna Murjanatu ya tarar da su a jere a jikin katanga, ya faɗi gaskiya kansa a ƙasa.

Mama Barakatu ba ta yi masa faɗa ba. Ta shige shi kawai, sauran suka bi ta. Matar da ta yi maganar nan ita ta fara zubewa a gaban Liyatu tana neman gafara.

Da kuka ya lafa, Liyatu ta ce, "Mama, me ya sa Ya yi mini shiru?"

Mama Barakatu ta riƙe hannunta da ya shanye ta ce, "Ban sani ba, 'yata, kuma ba zan ƙirƙira miki amsa ba. Abin da na sani shi ne, Yesu ma ya yi kuka a kan gicciye kamar wanda aka yashe, alhali ba a yashe shi ba. Ya san wannan ɗakin da kike ciki."

Wata ta hango tulun a lungu ta jawo shi, ta kaɗe ƙurar. Aka sa wa Liyatu soso a hannun dama. Ta buga sau ɗaya, tulun ya gangara gefe, don babu hannun hagun da zai tallafe shi.

Kafin kowa ya motsa, Mainasara ya taso daga bakin ƙofa, ya durƙusa ya rungume tulun da hannu biyu.

Inna Murjanatu da ke leƙe ta ce, "To fa! Yau namiji ya shiga Zumuntar Mata. A nemo masa zane."

Aka yi dariya da hawaye a ido. Liyatu ta dubi mijinta ta ce, "Riƙe da kyau, Maigida. Ban gama fushi ba."

Ya ce, "Zan riƙe har ki gama."

Ta ɗaga soson ta buga, amon ya cika ɗakin.

Har yau hannun Liyatu bai dawo ba, kuma ba su sake samun haihuwa ba. Amma in ka bi hanyar Zango ranar Lahadi da safe, za ka ga wani babur yana tafiya a hankali, mace a baya ta riƙe mijinta da hannu ɗaya, tulu ɗaure a gefe.

Darasi: Shirun Allah ba tafiyarsa ba ce. Sau da yawa Yana bayan katanga, a hannun mutanen da Ya turo, mu ne muka rufe ƙofa. Kada zafin zuciyarka ya sa ka raba mai jinya da masu ƙaunarsa, kuma kada bakinka ya ɗora wa mai wahala laifin wahalarsa. Ka tura wannan labari ga wanda yake ganin an manta da shi, sannan ka tashi ka je ka duba shi da ƙafarka.