Mai Zanen da Ya Ƙi Ledar Yaji

An yi wani mutum, bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, kada wani a nan ya ce da garinsu nake. Ana ce masa Malam Mudi mai zane. Ku saurara, don sana'arsa ba kowa ya san da ita ba. Kwalin sabulun da ke gidanka, takardar da aka naɗe alewa, gwangwanin man shafawar iyalinka, wani ne ya zauna ya tsara su: da me za a yi, yaya girmansu, me za a rubuta a jiki. To, aikin Mudi ke nan. A lokacin leda ba ta daɗe da shigowa ba, kowa ɗokinta yake yi.

Babban mai ba shi aiki shi ne Alhaji Bagudu, attajiri mai sayar da garin yaji. Kusan duk abin da ake ɗorawa a murhun gidan Mudi daga aikin Alhaji yake fitowa. Wata rana Alhaji ya aika aka kira shi.

"Malam Mudi, na gaji da awon yaji a mudu. Ƙananan ledoji nake so masu sheƙi, kowace ta miya ɗaya. A sama ka rubuta mini bisimilla da manyan baƙaƙe, saboda albarka."

Mudi ya ce, "Ranka ya daɗe, in an zazzage yajin, ina ledar za ta?"

"Ina ruwanka da inda za ta? A yar mana!"

"Kwata ke nan, Alhaji, ko cikin akuya. Ba ta ruɓewa, ga sunan Allah a jikinta ana takawa. Bari in tsara maka gwangwani mai murfi, mace ta saya sau ɗaya, in ya ƙare ta kawo a cika mata. Masu ƙaramin ƙarfi kuma a naɗe musu a takarda, wadda in ruwa ya taɓa ta za ta koma ƙasa. Ba abin da za a rubuta sai sunanka."

Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai, wa'azi na kira ka ka yi mini? Naka zane, nawa sayarwa. Wanda ya yar, shi ke da zunubi."

Mudi ya ce, "Yana da nasa, ban musa ba. Amma ni, tun alƙalamina bai taɓa takarda ba na san inda za ta faɗi. Ba zan iya cewa ban sani ba. Ka yi mini haƙuri."

Shi ke nan fa. Alhaji ya kai aikin wurin wani, wancan ko tambaya bai yi ba. Magana ta bazu a kasuwa cewa Mudi taurin kai gare shi, kai masa aiki sai ya tsare ka da tambayoyi. 'Yan kasuwa suka janye ɗaya bayan ɗaya.

Matarsa Hansai ta same shi a tsakar gida ta ce, "Malam, don Allah yanzu me ka hana? Ga leda nan ta cika gari. Wani ya zana ya ci, mu ga mu nan muna kaɗa miya ba mai."

Ya ce, "Ban hana komai ba, Hansai. Hannuna kawai na cire."

Ta fashe da kuka, don ranta ya ɓaci ƙwarai. Kada ku zarge ta, ita ke gaban tukunya.

Na ga wasunku sun gyara zama, suna jiran in ce Alhaji ya karye, ya dawo yana roƙo. Ina! Bai karye ba, har mota ya ƙara. Mudi kuwa ya koma zanen allon masu aski da rubutu a jikin manyan motoci, yau a samu, gobe babu. In zai tafi masallaci ya ga ledar nan a kwata, sai ya sunkuya ya tsamo ta, ya ɗauraye, ya sa a aljihu. Haka ya tsufa, haka ya koma ga Mahaliccinsa.

Ranar zaman makoki wata mata ta ce a gaban jama'a, "Allah sarki, mutum mai basira haka, ya tafi bai bar abin nunawa ba."

Hansai, wadda ta yi kuka a da, ta ɗago kai ta ce, "Ku bi kwatocin garin nan kaf, ku bi juji, ku je mahauta ku duba tumbin dabbobi. In kun ga aikin hannun mijina ko ɗaya, ku kawo mini."



To, jama'a, darasin a fili yake: abin da hannunka ya tsara, alhakinsa bai rabu da kai don ya bar shagonka ba. A nan akwai masu ɗab'i, akwai masu kanti, akwai masu ƙulla ruwa da zoɓo. Kai kuma da ke sunkuyar da kai, na san ledar da ka jefar a ƙofar masallacin nan kafin ka shigo. Kowa cikinmu ya san inda abinsa zai faɗi. Ranar da za a tambaye ka, ba za ka iya cewa ba ka sani ba. Allah ya tsarkake mana sana'o'inmu.