Ɗalibin da Ya Riga Na'ura Sanin Amsa

Ya 'yan uwa, ku gyara zama, yau jami'a za mu leƙa.

An yi wani mutum, saurayi, ɗalibi a sashen kimiyyar sinadarai. Allah ya ba shi kai. Tun shekarar farko abokansa ke kiransa Furofesa, shi kuma bai taɓa cewa su daina ba. Mahaifiyarsa kuwa, duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa farar rigar ɗakin gwaji a igiyar shanya, ta ce, "Ta yaron nan ce."

A shekarar ƙarshe aka kai su gaban manyan na'urori. Akwai wata mai zuƙar ruwa ta siririn bututu, ta fesa shi cikin harshen wuta, wata fitila ta haska ta ciki, sai lamba ta fito ta faɗi yawan ƙarfen da ke ɓoye a ruwan. Kai kana ganin ruwa garau, ita tana ce maka akwai dalma. Ranar farko har tafi ɗalibai suka yi. Wa ya sanar da ɗan Adam wannan in ba Allah ba?

Sai dai na'urar tana son mai haƙuri. Ka wanke kwalabe tas. Ka fara ba ta ruwan da ka san abin da ke cikinsa, ka ga ko daidai take faɗa, sannan ka ba ta wanda ba ka sani ba. Kowane awo kuma sau uku.

Malaminsu ya haɗa shi aiki da wata ɗaliba da ake tsokana da Sai-Gobe, don ba ta taɓa gama gwaji a ranar da ta fara ba. Aka ba su rijiyoyi goma sha biyu na wata unguwa da ake fasa tsofaffin batura a gefenta. Shida nasa, shida nata.

Ita tana can tana wanke-wanke. Shi kuwa ya dubi jerin kwalabensa ya ce a ransa, "Ai na san abin da zai fito." Ya juye ruwan a magudana, ya samu inuwa, ya zaro biro. Lambobi suka fito masu kyau, kamar an goge su da dutsen guga. Rijiyoyinsa duka lafiya lau.

Ranar gabatar da aiki ya yi bayani har aka tafa masa. Sai-Gobe ta tashi, ta ce rijiyoyinta shida duk akwai dalmar da ta wuce kima.

Malamin ya dubi takardun biyu. Rijiyoyin nan, wata da wata taku ashirin ne. Yaya za a yi haka?

Sai dattijon da ke kula da ɗakin gwajin ya ɗaga hannu daga baya. Ya ce, "Ɗana, wace rana ka yi naka awon?"

Ya ce, "Talata da Laraba, Baba."

Dattijon ya ce, "To, ka yi ƙoƙari. Talata da Laraba fitilar dalma tana cikin durowata, ta ƙone. Sabuwar sai Juma'a ta iso."

Aka fashe da dariya, sannan dariyar ta mutu.

Aka sake ɗebo ruwa, aka auna a gaban kowa. Nasa ma cike suke da dalma. Cikin mako aka rufe rijiyoyin, aka kai wa unguwar ruwa a mota, daga baya aka ja musu famfo. Yaran da suka fara ciwo aka kai su asibiti, Allah ya ba su lafiya. Matan unguwar suka yi ayari har jami'a, suna tambayar ina 'yar nan mai kwalabe. Suka rungume ta, tana dariya tana share hawaye.

Shi kuwa an kore shi, saura mako uku ya gama. Da bakinsa ya gaya wa mahaifiyarsa. Ba ta yi faɗa ba. Ta dube shi ta ce, "Da yaran sun ci gaba da sha fa?"



Ya 'yan uwa, lamba ma shaida ce. Wanda ya rubuta abin da bai auna ba, shaidar zur ya bayar, ko da kyakkyawan rubutu ya yi ta. Basira ba ta cece shi ba, jinkiri kuma bai cuci yarinyar nan ba. Kai mai awo, kai mai sa hannu a takarda, akwai mai shan abin da ka ce lafiya lau ne, kuma ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Allah ya ba mu ilimi mai tafiya da gaskiya, ya faranta mana kamar yadda ya faranta wa unguwar nan. Allah ya kiyaye mu da faɗin abin da ba mu gani ba. Amin.