Saniyar da Aka Ɗaure a Fako

An ce wai a wani zamani da bai yi nisa da namu ba, an yi wani sarki a Tudun Kalgo ana ce masa Nagoma. Ya gaji gari mai yawan dabbobi, ya kuma gaji makiyaya, wato wurin kiwo, wadda ta mutu tun kafin a naɗa shi. Wurin da tsofaffi ke cewa saniya kan shiga gamba ta ɓace har ƙahonta ya koma fako, ƙasa mai tauri kamar daɓe. Ruwan sama in ya sauka ba ya ko tsayawa, sai ya kwashe ɗan abin da ya rage ya yi rafi da shi.

Wasu baƙi suka zo da niyyar taimako, suka ce za su kawo injuna da ma'aikata daga birni. Sarki ya yi musu godiya, ya ce: "Wanda ya zo daga nesa zai haƙa ya koma gida. Ku ba mutanena diga da shebur, ku biya su ladan guminsu, domin wanda ya san wahalar haƙawa ba zai bari a ɓata ba."

Haka aka yi. Maza da mata suka fita, suka yi ta haƙa ramuka masu siffar rabin wata, bakin kowanne yana kallon inda ruwa ke gangarowa, suka zuba taki, suka watsa irin ciyawa. Damina ta sauka, ramukan suka tare ruwa, ƙasar da aka fid da rai da ita ta yi kore. Sai wani ɓangare guda can kan tudu, wanda ake kira Ƙoƙon Kai, shi kam diga ma tsalle take yi a kansa, aka haƙura aka bar shi. Sarki ya kafa doka: kada dabba ta sa ƙafa a sabuwar makiyaya sai ciyawar ta zubar da iri ta ga wata damina. Duk dabbar da aka kama a ciki an ƙwace ta, ta zama ta gari.

Cikin waɗanda suka haƙa ramukan akwai wata mace mai ƙananan shekaru, sunanta Kuluwa. Mijinta ya tafi cin rani kudu, labarinsa ya ɗauke. Abin da ya bar mata saniya ce guda da 'yarsu Ladiyo, wadda ƙyanda ta kama bayan yaye ta bar ta fata da ƙashi. Ba ta karɓar kunu, ba ta karɓar tuwo, sai madarar saniyar nan da ɗuminta.

Da bazara ta yi tsanani, daji ya ƙone, harawa ta yi tsada, haƙarƙarin saniya ya fito. Wata safiya Kuluwa ta tatsa, ta tatsa, abin da ya fito bai rufe gindin ƙwarya ba. Ladiyo ta shanye, ta miƙo ƙwaryar, ba ta da ƙarfin kuka. Duk uwar da ta taɓa riƙe ɗa mara lafiya ta san irin shirun nan. Kuluwa ta ɗaga kai, ga makiyaya can, busasshiyar ciyawa tsaye ɗauke da iri, wadda ita da hannunta ta watsa. Da rana ta take, masu gadi suka shiga inuwa, ta kwance saniya ta ja ta.

Saniya ta ci har cikinta ya tashi kafin Sarkin Noma Bagudu, shugaban aikin, ya hango su.

"Kuluwa! Ke? Ke da kika fi kowa haƙa?"

Ya karɓi igiya, ta bi shi da goyonta har ƙofar fada.

Kafin la'asar gari ya cika wurin. Bagudu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce: "Allah ya ja zamaninka, tausayi nake ji, amma kowa a garin nan dabbarsa na jin yunwa. In aka saki wannan yau, gobe kafin hantsi babu karan ciyawa ɗaya da zai rage. Gumin mutane ya tafi a banza, baƙin nan kuma ba za su sake kallonmu ba."

Sai wani attajiri ya miƙe, Alhaji Tanimu, wanda garkensa ya fi na kowa a ƙasar. Ya gyara babbar riga ya ce: "Ranka ya daɗe, yaushe aka fara hukunta uwa don ta ciyar da 'yarta? Wataƙila ma igiya ce ta tsinke. Ko ba haka ba, 'yar nan? A yi mata afuwa. Yunwa uzuri ce."

Kuluwa ta yi mamaki, domin mutumin nan ta taɓa roƙonsa dusa ya ce ta dawo wani jiƙon. Ga ƙofa ya buɗe mata. Ta dubi ƙofar, ta ga ba za ta iya bi ba.

"Ranka ya daɗe, igiya ba ta tsinke ba. Ni na kwance ta. Na san dokar, ina nan aka kafa ta. In akwai bulala a yi mini, in akwai ɗauri a ɗaure ni. Amma in aka tafi da saniyar nan, da yarinyar nan aka tafi."

Sarki ya dubi yarinyar da kanta ya langaɓe a bayan uwarta. Ya dubi Alhaji Tanimu, ya kuma hangi makiyayan Alhajin a bayan taro, kowa da sanda a kafaɗa, kamar masu jiran a ce su kora garke cikin ciyawar. Sa'an nan ya ce:

"Doka ba ta da ɗa, ba ta da ɗiya. Saniya ta ci abin gari, an ƙwace ta, daga yau ta gari ce."

Kuluwa ta zauna a ƙasa. Sarki ya ci gaba:

"Amma gari ba ya yanka ma'aikacinsa, kuma ba ya sayar da shi. Abin da ta ci na ƙasa ne, ƙasa za ta biya. A kai ta Ƙoƙon Kai a kafa mata turke. Nan za ta wuni, nan za ta kwana, har ranar da ciyawa ta fito a wurin ta rufe gwiwarta. Ran nan ta koma hannun mai ita. In ba ta fito ba, ba ta komawa. Wanda ya kwance ta shi zai ciyar da ita: da kansa zai ɗauko mata ciyawa, da kansa zai ɗauko mata ruwa, ba ɗan aike, ba ɗan ƙwadago. Tunda aikin gari ne, a ba shi ladan ma'aikaci ɗaya. Madara kuwa, dokata ba ta ambace ta ba. Ta wanda ya ciyar ce."

Sarki ya juya ga attajirin.

"Alhaji, ka yi gaskiya, yunwa uzuri ce, kuma na san garkenka ma yana jinta. Wannan hukuncin na kowa ne. Mai saniya ɗaya zai ɗauko wa ɗaya ruwa a kansa. Mai garke zai ɗauko wa garke. Ladan dai na mutum ɗaya ne."

Wata tsohuwa daga cikin taro ta ce: "Alhaji, in ara maka gammo?"

Aka bushe da dariya. Makiyayan da ke bayan taro suka sauke sandunansu, suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Amma Kuluwa ba ta yi dariya ba, domin ta san Ƙoƙon Kai. Tana tafe tana cewa a ranta, wannan ai ƙwace ce aka yi mata a hankali. Sai dai yau akwai madara, gobe ma akwai, kuma uwa ba ta raina gobe ɗaya. Ta kama aiki. Da ladanta take sayen dusa, ta tsinto 'ya'yan gawo, ta sassabo ganyen kalgo, ta yi ta jigilar ruwa daga rijiya har wuyanta ya ƙage. Ta kafa 'yar rumfa don Ladiyo. In wuri ya cika da kashin saniya sai ta matsa da turken gaba, ta bar ragowar kara da ganye a kai. Nono ya dawo. Kumatun yarinya suka fara cikowa.

Wata rana ta ɗaga wani busasshen kashin saniya don ta gyara wuri, sai ta tsaya. Gara ce ta taru a ƙarƙashi, ta huda ƙasar nan huda-huda kamar rariya. Ta sa yatsa, yatsa ya shige. Ƙasar da ta kori diga a hannun ƙarti, ga ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya buɗe ta ba tare da ƙara ba. Kuluwa ta durƙusa a wurin, ba abin da take iya faɗa sai "Subhanallahi."

Ruwan farko ya sauka, bai gudu ba, ya shige. Bayansa tsiro ya keto, ba kyasuwa kaɗai ba, har da gamba da harƙiya, irin da saniya ta haɗiye ranar laifinta da wanda ta ci daga baya, duk ta ajiye su cikin taki. Kafin tsakiyar damina mutane suna zuwa kallo daga ƙauyuka. Tsofaffi suka riƙa shafa ganyen suna kiran sunayensa kamar masu gaida 'yan'uwan da suka daɗe a tafiya.

Sarki ya zo da kansa, a ƙasa. Ya zagaya saniya, ya duba, bai ga gwiwarta ba. Bagudu ya kasa haƙuri, ya ce: "Allah ya ba ka nasara, ka san haka za ta faru?"

"Ban sani ba," in ji sarki. "Na dai lura tun ina yaro, duk inda shanu suka taɓa yin mashekari, ko bayan shekaru, ciyawarsa ta fi ta ko'ina. Na sa rai, Allah ya cika. Daga yau duk mai son kafa turke a sauran fakon nan ya zo da rana tsaka, a biya shi ladansa, dabbarsa kuma tana nan tasa."

Ya sunkuya ya kwance igiyar da hannunsa, ya miƙa wa Kuluwa.

"Karɓi, ɗiyata. Ta biya."

Kuluwa ta miƙa hannu za ta karɓa. Ladiyo ce ta sauko da ƙafarta, ta kama bakin igiyar, ta shige gaba cikin ciyawar da ta fi ta tsawo, saniya na biye da ita.

Masu hankali suka ce: hukuncin da ya kashe doka don ya ceci mutum, gobe zai kashe gari, wanda ya kashe mutum don ya ceci doka, ya riga ya kashe garin. Mai mulki na gari shi ne wanda zai sa mai laifi ya gyara abin da ya ɓata, ya kuma bar masa ran da zai gyara da shi.